Darasi na 9: Matashi da Gidan Kansa a Ɓatagarawa

Abin da darasin ya ƙunsa

A wannan darasi za mu duba dalilin da ya sa mallakar gida take gagarar matasa a Ɓatagarawa da sauran garuruwan da ke gefen birnin Katsina. Za mu yi lissafin rancen gida da hannunmu, sannan mu auna gidajen da gwamnati ke ginawa mu ga wa suke yi wa rana. Kowa ya ajiye biro da takarda kusa.

Birni ya tarar da ƙauye

Wanda ya fita ta Ƙofar Ƙwaya ya miƙi hanyar Dutsinma, da wuya ya iya nuna inda Katsina ta ƙare, Ɓatagarawa ta fara. Dattawan cikinku sun san lokacin da tsakanin nan gonakin gero da dawa ne. Abin ya fara sauyawa daga 1987, da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, ma'aikata suka kwaso iyalansu suka dawo sabon babban birni. Ga kuma manyan makarantu da suka jeru a kan wannan hanya guda: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, Kwalejin Ilimi ta Tarayya, Jami'ar Al-Ƙalam da aka kafa a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006. Kowace makaranta ta zo da malamanta, da ɗalibai masu neman ɗakin haya, da masu shaguna da masu abinci da ke biye da su. Ƙidayar 2006 ta samu mutum 184,575 a Ƙaramar Hukumar Ɓatagarawa. Yaran da aka ƙirga a lokacin suna 'yan firamare, su ne yau suke neman inda za su zauna da iyali.

Sai kuma ƙarin da ba wanda ya shirya masa. Mutanen ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da 'yan bindiga suka tayar, da yawansu gefen birni suka nufo. Mai hali a cikinsu ya sayi fili, marar hali ya kama haya ko ya raɓe a kangon wani. Masu nema sun ƙaru, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa.

A da, saurayi ba ya wannan dogon tunani. In aure ya zo, mahaifinsa zai yanka masa sashe a cikin gida, a kwaɓa ƙasa da ramno, a yi tubali, 'yan'uwa da abokai su taya aiki, a ɗora azara a rufe. Kafin damina ɗaki ya tashi. Yanzu gidan gadon ya cika, wani ma an riga an raba shi har kowa ya tashi da abin da bai wuce ɗaki ɗaya ba. Kuma buƙata ta sauya. In magabata suka je neman aure, bayan an gaisa an yi addu'a, waliyyin yarinya zai gyara zama ya ce, "To, Alhaji, shi yaron naku ina zai ajiye ta?" Amsar da ake so a ji ita ce ciki da falo, da kicin da banɗaki nata ita kaɗai. Ba laifin iyayen amarya ba ne gaba ɗaya, domin gado da kujeru da sauran kayan ɗakin da suka sha wahala suka haɗa ba za su shiga ɗakin soro na da ba.

Inda kuɗin yake tafiya

Abu na farko fili. A gefen Katsina iri biyu ake magana: awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati shi ne wanda hukuma ta tsara, ta fitar da tituna da wurin makaranta da asibiti, ta ba kowane fuloti lamba. Awon igiya kuwa gona ce mai ita ko magadansa suka yanka, galibi ƙafa 50 sau 50 ko abin da bai kai haka ba, dillalai suka shiga talla.

Me ya sa awon igiya ya yi yawa? Akwai dalili a cikin doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. In gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini da itatuwa da amfanin gona, ba ta darajar ƙasar a kasuwa ba. Manomin da ya ga birni ya doso gonarsa ya san wannan lissafi sarai. Gara ya yanka ya sayar da kansa tun kafin a zo masa da takarda. Da yake kowace ƙafa kuɗi ce, sai a matse lungu har mota ba ta iya juyawa, a manta da magudanar ruwa. In watan Agusta ya kama, unguwar ce za ta faɗa wa mutum gaskiya.

Abu na biyu kayan gini. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, komai ya tashi: rodi, kwano, katako, tifar yashi, har da ruwan da ake sayowa a tanka. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, alhali shekara guda kafin nan bai wuce wajen rabin haka ba. Wannan tsada tana da illar da ido ba ya gani. Mai buga bulo da ke son ya riƙe farashinsa sai ya ƙara yashi, ya ja buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙa'ida, kuma ya sayar tun bai sha ruwa na kwanaki ya yi ƙwari ba. In kun je saye, ku ɗauki bulo ɗaya ku kankari gefensa da mukulli. In yana zuba kamar gari, ku ƙara gaba. Ku kuma tambayi kwana nawa aka yi ana ba shi ruwa.

Abu na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi: tsadar kuɗin kansu. Wanda ba shi da miliyoyi a ajiye dole ya ranta, kuma rance yana da farashi.

Mu yi lissafi

A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ma'aikata suka fi sani da NHF. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci duk wata a zuba a ciki, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, shi ke riƙe da asusun. Wanda ya yi aƙalla wata 6 yana zubi yana da damar neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, ya biya cikin shekaru har 30. Duk ƙasar nan da wuya a samu rancen gida mai sauƙin wannan. Kuma matashi ne ya fi dacewa da shi, domin ana auna tsawon biyan da shekarun da suka rage wa mutum ya yi ritaya. Ɗan shekara 30 zai iya samun shekara 30 cif, ɗan 50 kuwa 10 kacal suka rage masa.

A watan Mayu 2024, Ministan Gidaje Ahmed Musa Ɗangiwa, wanda ɗan jihar nan ne kuma ya shugabanci FMBN daga 2017 zuwa 2022, ya aza harsashin gina gidaje 250 a Katsina ƙarƙashin shirin gidaje na gwamnatin Bola Tinubu. A cikin wannan shekara ya bayyana cewa gida mai ɗakin kwana ɗaya a irin waɗannan rukunoni yana kamawa tsakanin naira miliyan 8 zuwa 9. Mu ɗauki na ƙasan, miliyan 8, mu kuma ƙaddara an ranta wa mutum kuɗin duka.

A kan ruwa kashi 6 na shekara 30, kowace naira miliyan 1 tana jawo biyan kusan naira 6,000 a wata. Ku rubuta wannan, da shi za mu yi aiki. Miliyan 8 ke nan naira 48,000 a wata. In kun ninka 48,000 sau wata 360, za ku ga abin da mutum zai biya ya haura miliyan 17.

Ƙa'idar masu ba da rancen gida ita ce kada biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Don haka mai son wannan gida sai albashinsa ya kai 144,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yuli 2024 naira 70,000 ne. Kashi ɗaya cikin ukunsa wajen 23,300, wanda in kun raba da 6,000 zai ba ku rancen da bai kai miliyan 4 ba. Ko rabin kuɗin ƙaramin gidan bai kai ba. A zahiri ma ba a ranta kuɗin duka, in rancen ya wuce miliyan 5 sai mutum ya fara ajiye kashi 10 cikin 100 daga aljihunsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

In kuma bankin kasuwanci mutum ya nufa, inda ruwa ya haura kashi 20, to maganar ta ƙare. Miliyan 8 a kan kashi 25 na shekara 10 biyansa ya wuce naira 180,000 duk wata.

Ku lura, duk wannan lissafi na mai albashi ne, wanda ke da takardar biya da banki zai duba. Nawa ne a cikin ajin nan ke da ita? Tela, birkila, ɗan acaɓa, mai sayar da kayan miya, matar da ke dakan ƙuli a cikin gida, ba su da ita, ko da kuwa abin da wasunsu ke samu a wata ya fi na ma'aikacin ofis. Doka ba ta hana mai sana'ar kansa yin rajista da asusun ba, amma nuna shaidar samu da kawo takardar fili da banki zai yarda da ita, nan ake yin cirko-cirko.

Akwai kuma maganar kuɗin ruwa, wadda ba ƙarama ba ce a ƙasar Katsina. Mutane da yawa ko an sauƙaƙa ba za su taɓa rance mai ruwa ba, saboda addini. FMBN ya fito da tsarin haya da ke ƙarewa da mallaka, har da nau'in da aka gina a kan ijara ba tare da ruwa ba: bankin ne mai gidan, kai kana biyan haya, in wa'adi ya cika gida ya zama naka. Wanda ke sha'awa ya je ofishinsu ya nemi a karanta masa sharuɗɗan dalla-dalla, ya kai wa malaminsa ya duba kafin ya sa hannu.

Gidajen gwamnati: me suka yi, me suka kasa?

Gwamnati ta daɗe tana gina gidaje. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. Gwamnatin Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta ɗauki alkawarin gidaje 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha cikin jihohi 19 da Abuja. Ba ta cika alkawarin ba, amma ga unguwar Shagari Low Cost nan a Katsina tana ɗauke da sunan. Bayan 1999, gwamnatocin Umaru Musa 'Yar'aduwa da Ibrahim Shehu Shema sun gina rukunoni a kewayen birni, irin su Goruba da Barhim da Makera da Sardauna da Fatima Shema.

Kada a raina wannan aiki. Iyalai da yawa da ba su taɓa zaton za su kwana a gidan kansu ba sun samu ta wannan hanya. Kuma duk inda aka kafa rukuni, titi da turakun lantarki sukan bi shi, unguwa ta tashi a gefensa. Amma ku ɗora gidaje 250 ɗin nan na 2024 a kan mutanen Ɓatagarawa kaɗai, ku bar sauran ƙananan hukumomi 33 na jihar. Ko auren da ake ɗaurawa tsakanin sallah ƙarama da babba a birni da kewaye ya isa ya cinye su. Ga kuma ƙorafin da aka saba ji a ko'ina cikin ƙasar nan: mai gida biyu ya samu na uku, ya zuba 'yan haya, wanda aka gina domin shi yana biyan haya a ciki.

A wasu ƙasashe abin ya yi tasiri. Singafo ta kafa hukumar gidajenta a 1960, yau kusan mutum 8 cikin 10 na 'yan ƙasar a gidajen da hukumar ta gina suke zaune. Amma sai da gwamnati ta fara mallake mafi yawan ƙasa da dokar 1966, sannan daga 1968 ta bar ma'aikata su biya kuɗin gida daga asusun ajiyarsu na tilas, a ƙasar da kusan kowa ke da albashi. Mu ba haka muke ba. Ingila kuma darasinta na gargaɗi ne. Daga 1980, a zamanin Margaret Thatcher, aka ba mazauna gidajen ƙananan hukumomi damar saye da rangwame, aka sayar da kusan miliyan 2, ba a gina madadinsu daidai da haka ba. Waɗanda suka saya sun ci riba, 'ya'yansu suka taso suka tarar babu. Gidan gwamnati in an sayar, mutum ɗaya ya taimaka sau ɗaya. In an bar wasu na haya mai rahusa, na 'yan shekaru, sabon ango zai zauna ya tara abin gini ya tashi, wani ya shiga.

Ra'ayin mai wannan littafi shi ne, a wuri irin Ɓatagarawa gwamnati ta fi ƙarfi a kan ƙasa fiye da a kan siminti. Ku dubi yadda matashi ke gina gida a zahiri. Ya sayi fili bana. Baɗi ya kwashi adashi ya yi fandisho. Ya riƙa tara bulo ɗari-ɗari a gefe, ya rufe da ƙaya don kada yara su farfasa. In gini ya kai linta ya tsaya ya huta shekara guda. Ya rufe ɗaki ɗaya da banɗaki, ya rataya ƙyaure, ya tare da matarsa babu filasta, sauran a yi a hankali. Sau da yawa matar ce ke sayar da tumakinta ko ɗan kunnenta a sayi kwano. Haka aka gina mafi yawan gidajen da ke kan hanyar Dutsinma, babu banki babu minista.

Abin da wannan matashi ba zai iya yi da kansa ba shi ne titi, da kwalbati, da bututun ruwa, da takardar mallaka da ba a jayayya da ita. Madatsar ruwa ta Ajiwa da ke shayar da birnin Katsina a cikin Ƙaramar Hukumar Ɓatagarawa take, amma sabbin unguwanni da yawa da 'yan garuwa da rijiyar burtsatse suka dogara. Kuɗin da zai gina gida guda ya kammala, zai kai titi da magudana ga fulotai da yawa. In hukuma ta riga dillalai isa gona, ta biya manomi diyyar da zai yarda da ita ko ta bar masa kaso a cikin fulotan, ta yanka ƙanana daidai aljihun talaka, ta raba a bainar jama'a ga waɗanda ba su da ko ɗaya, ta kuma sa sharaɗin cewa wanda bai fara gini cikin wa'adi ba za a karɓe, to ta taimaki ɗaruruwa da kuɗin gidaje goma. Gidajen 2024 ɗin ma an zana su ne yadda mai ɗaki ɗaya zai iya ƙara na biyu da na uku in ya samu hali, wanda ya nuna masu zanen sun fara kallon yadda mutane ke gini.

Wani zai ce ai ginin ƙasa ya fi araha, me ya sa aka guje shi? Hasumiyar Gobarau da ƙasa aka yi ta, ga ta nan tsaye shekaru aru-aru, kuma ɗakin ƙasa ya fi na bulo sanyi a watan Afrilu. Matsalarsa yaɓe duk shekara, da ƙarancin azara, da kuma yadda mutane suka ɗauke shi alamar talauci. Da gwamnati za ta gina rukuni guda mai kyau da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, manyan ma'aikata su zauna a ciki, da kallon ya sauya.

Kafin ka biya kuɗin fili

Tunda yawancinku awon igiya za ku saya, ga abin da ya kamata a kiyaye. Kada a yi ciniki da dillali shi kaɗai, a ga mai filin ido da ido. In gonar gado ce, a tabbatar an raba, kuma duk magada sun yarda, mata da maza, domin cikin rigingimun da ake kai wa kotunan shari'a akwai ta ɗan'uwan da ya sayar da kason 'yar'uwarsa tana gidan miji. A je wurin mai unguwa da magajin gari a ji tarihin wurin. A rubuta takardar ciniki da girman fili da maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa, shaidu su sa hannu, a rubuta la'adar dillali daban. A leƙa Hukumar Tsara Birane ta jiha da ofishin KATGIS mai kula da bayanan filaye, a tabbatar wurin bai faɗa kan titin da aka tsara ba, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko filin wata makaranta. In da hali, a ziyarci filin da damina, kwana guda bayan an yi ruwa mai ƙarfi, kafin a cika kuɗi.

Aikin aji

1. Wani malamin firamare yana ɗaukar naira 90,000 a wata. Nawa ne kashi ɗaya cikin uku na albashinsa? Da ƙa'idar naira 6,000 a kan kowace miliyan, rancen nawa zai iya ɗauka na shekara 30?

2. Mata 10 suna adashin naira 15,000 kowane wata. Nawa ce kwasa ɗaya? Ku tambayo farashin bulo mai inci 6 a unguwarku, ku lissafa guda nawa za ta saya.

3. Ku kasu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya kare ra'ayin cewa gwamnati ta gina gidaje ta sayar, ɗayan ya kare cewa ta raba fulotai masu titi da ruwa. Kowane ɓangare ya faɗi wanda tsarinsa zai bari a baya.

4. Aikin gida: ka samu dattijo ko dattijuwa a unguwarku, ka tambayi yadda aka samu ɗakin da suka fara zama bayan aure, wa ya ba da wurin, su wa suka yi ginin, da abin da aka kashe. Ka rubuta amsar cikin layi 10 ka zo da ita darasi na gaba.